A daina ɗora wa dainamo laifin da ba nasa ba

Edita, ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu tsofaffin taraktocin Massey Ferguson, musamman 35 da 135, tun da damina ta kawo kai. Da zarar batir ya daina ɗaukar caji sai a ce dainamo, wato abin da ke yi wa batir caji, ya ƙone, a cire shi a jefar. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri.

A fara da mitar auna ƙarfin wuta. Batir mai cikakken caji, inji a kashe, yana nuna kusan volt 12.6. A ta da inji a ba shi wuta kaɗan, domin dainamo ba ya caji a sulo. Idan komai lafiya, mita za ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya cak, a duba bel: a danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da rabin inci. Bel ɗin da gefensa ya yi sheƙi santsi yake yi, ko an ɗaure shi tamau. Sai kan batir da wayar da ke kama jikin tarakta. Farin garin nan da ke taruwa a kai ya isa ya hana caji, a kankare har ƙarfe ya fito.

Dainamon Lucas yana da baki biyu a bayansa, babba D, ƙarami F. A cire wayoyin duka biyun, a haɗa D da F da guntuwar waya, a sa mita tsakanin wannan haɗin da jikin inji. A ta da inji, a ƙara wuta a hankali. Mai lafiya zai tashi nan da nan ya wuce 12, amma kada a bari ya haura 20. Idan ya maƙale a kusan volt 1, a zargi kwayil ɗin jikinsa. Idan ya tsaya a 4 zuwa 5, amecha ce, wato abin da ke juyawa a cikinsa. Kafin a yanke hukunci dai a buɗe a ga kabon, ɗan gawayin nan da ke gogar amecha, don shi ne ya fi cinyewa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A goge tagullar da yake gogawa da tsumma da ɗan fetur, har ramukan tsakaninta su fita daga baƙin gari.

Abin da ake yawan mantawa shi ne maganaɗisun dainamo. Taraktar da ta kwana rani guda a rumfa tana iya rasa shi, haka ma idan an juya kan batir, domin irin su 35 da kan mai alamar + suke kama jiki tun daga kamfani. Maganinsa: a cire wayar F, a jawo waya daga kan batir ɗin da bai kama jiki ba, a taɓa bakin F sau biyu ko uku, taɓawar ƙiftawar ido. Shi ke nan.

Idan dainamo ya ci jarrabawa, saura katawut, ɗan akwatin da ke haɗa wuta da yanke ta tsakanin dainamo da batir. A tabbata wayarsa ta E tana kama jiki sosai. A buɗe murfin a kashe inji, a ga ko bakinsa ya rabu. In ya manne, batir zai dinga zuba wuta cikin dainamo dare guda, da safe a tarar batir ya mutu, amecha ta yi zafi tana warin ƙuna. Kada a taɓa sukurorin saitinsa ba tare da mita ba.

Gwajin nan na cire kan batir inji yana aiki don a ga ko ana caji kuwa, a bar shi. Injin dizal ba ya mutuwa don an cire batir, saboda haka bai nuna komai ba, kuma idan an riga an sauya zuwa altaneta, yana iya ƙona ta nan take.

Daga wani mai gyaran wayar tarakta, Funtuwa