Kafin a buga gangar zaɓe, a nema wa talaka takardarsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da matasa da ƙungiyoyin unguwa na jihar Tawa a Nijar waɗanda suka ɗauki aikin rubuta takardun koke a kan wariyar asali da haƙƙin jefa ƙuri'a. Niyyarsu mai kyau ce. Sai dai yawancin takardun da ake wahalar tara musu hannu a cikin durowa suke ƙarewa, kuma sau da yawa tun wurin rubutu aka kashe su. An cusa buƙata goma a takarda ɗaya, an kai ta ofishin da ba shi da ikon biyan ko guda, sannan kowa ya koma gida yana jiran amsa.

Wariyar da ke damunmu a Adar da Azawak ta asali ce. Wani wurin tana haɗuwa da launin fata, wani wurin kuma mutum biyu masu kama ɗaya, harshe ɗaya, masallaci ɗaya, amma a ce wa ɗaya bawa saboda kakarsa. A hana shi aure, a hana shi limanci, gonar da ubansa ya noma shekara arba'in a ce aro ce. Doka ba ta yi shiru ba. Tun ranar 13 ga Yuni 2003 aka shigar da bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Kowa a yankin Ƙonni ya san labarin Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240, aka mayar da ita wahayya, wato baiwar da ubangijinta ke zama da ita kamar mata ba tare da aure ba. Da ta yi auren son ranta bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005, ita aka yanke wa ɗauri da sunan ta yi aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta yanke mata diyyar miliyan 10. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, ita ta tsaya mata. To yanzu Nijar ta fita daga CEDEAO tun Janairu 2025, saboda haka alƙalan gida su ne madogara, kuma alƙali da takarda yake aiki.

Nan ne gizo ke saƙar. Mutanen da aka fi dannewa su ne waɗanda ba su da takardar haihuwa. Wanda ba shi da ita ba ya samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa cikin sauƙi, ba ya samun katin ɗan ƙasa, yaronsa ya kai ajin jarrabawar BEPC a ce takardunsa ba su cika ba, ranar rajistar masu zaɓe kuma sai ya nemi wanda zai shaide shi. Wa zai shaide shi? Sau tari mutumin da ke kiran kansa ubangijinsa. A zaɓen 2016 an yarda mutum ya jefa ƙuri'a da shaidu biyu in ba shi da katin shaida, aka yi ta jayayya a kai. A 2020 aka koma rajista mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, aka rubuta mutum wajen miliyan 7 da dubu 400. Ko wace hanya aka bi nan gaba, wanda ya zo da takardarsa a aljihu ba ya roƙon kowa.

Wani zai ce ai babu zaɓe yanzu. Gaskiya ne, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗiba wa riƙon ƙwaryar mulkin soja shekara biyar, an kuma rushe jam'iyyu. A ganinmu wannan ne ma ya sa lokacin ya dace. Ba wanda zai ce kana tara sunaye domin wani ɗan takara, ba kuma mai kawo shinkafa ya ɓata maka taro. Da zarar an buga gangar zaɓe, kowane jerin sunaye sai ya zama abin zargi.

Don haka takardar koke ta nemi abu ɗaya tak: a kawo zaman kotu na tafi-da-gidanka, wanda ma'aikata ke kira odiyans foren, a ƙauyuka da rugage kaza, a wata kaza, domin mutum kaza da ba su da takardar haihuwa. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma kyauta ne. In wa'adin ya wuce sai da hukuncin alƙali. Tafiya daga ruga zuwa Abalak ko Cintabaraden, da kuɗin motar mutum uku, shi da shaidunsa biyu, da kwana a gari, ya fi ƙarfin mai kiwon dabbar wani. Shi ya sa ake neman alƙalin ya zo da kansa, shi da magatakardansa da ma'aikacin rajista na komin.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, a yi ƙidaya. Mutum biyu a kowane ƙauye, namiji da mace, su bi gida gida da littafi mai bango mai ƙarfi. Macen ba ado ba ce, akwai ɗakunan da namiji baƙo ba ya shiga, kuma a can ne masu matsalar suke. A rubuta sunan mutum, sunan uba, sunan uwa, garin haihuwa, shekarar haihuwa ko abin da ya faru a shekarar, da sunayen mutum biyu da suka girme shi waɗanda ke da katin ɗan ƙasa kuma za su iya shaidarsa. Tsofaffi ba su riƙe lamba ba amma sun riƙe yunwar 1973 da ta 1984, sun riƙe shekarar da Kunce ya hau mulki, 1974. Da wannan ake kintata shekaru. Wanda ya kai takarda yana cewa "jama'a da yawa ba su da takardu" bai ce komai ba. Wanda ya ce ga ƙauye shida, ga adadin manya, ga na yara 'yan lakwal, ga littafin, ya ba alƙali abin da zai tsara aikinsa da shi, har ya san fom nawa zai ɗauko da kwana nawa zai yi.

Wurin rubuta suna ake yin ɓarnar da ta fi daɗewa. Mutum ɗaya ya fito Mahamadou a wannan takarda, Mamane a waccan, Mahaman a katin asibiti. Gobe na'ura ta ce mutum uku ne, ko ta ce ba kowa. A tambayi gidan ko akwai wata tsohuwar takarda, ta haraji, ta rigakafi, ta lakwal, a bi rubutunta harafi da harafi. Sunan uba kuma ya zo iri ɗaya ga dukkan 'ya'yansa. Gyara kuskure bayan an buga hatimi wata shari'a ce daban, da nata kuɗin da nata jiran.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato yaran wahayya da uba ko danginsa ke ƙin amsa sunansu saboda gado. Kada ɗan sa-kai ya yanke hukunci da kansa, kada ya rubuta sunan wani a matsayin uba don a wuce wurin. A ware irin waɗannan a wani shafi da ba ya yawo, a kai su ga lauya ko ƙungiyar da doka ta amince da ita, domin dokar 2003 ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta masu rajista damar shiga shari'a a madadin wanda aka zalunta. Haka kuma kada kalmar bawa ko baiwa ta fito kusa da sunan kowa a takardar da za ta shiga ofis. Takarda tana bin hannu da yawa, kuma mai sunan a ƙauyen zai kwana.

Ita kanta takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A rubuta ta da Hausa, wadda kundin 2025 ya mai da harshen ƙasa, da kuma Faransanci tunda da shi ake aikin ofis. A sama sunan wanda ake nufi, shugaban kotun da yankin ke ƙarƙashinta, da kofi zuwa ga perefe da mai riƙon komin, tunda an rushe majalisun komin a Afrilu 2024. Shafukan sa hannu kowanne ya ɗauki buƙatar a samansa cikin layi biyu, da lambar shafi, da suna ashirin, kar a cunkushe. In shafi ba ya ɗauke da buƙatar, mai son ɓata aiki zai ce an ɗauko sunayen ne daga rabon abinci, kuma ba ka da amsa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala babban yatsa, bayan an karanta masa da harshensa, Hausa ko Tamashek ko Fulatanci, a gaban mutane. Kada miji ya sa wa matansa, kada a sa wa wanda ya tafi cin rani, kada a ba kowa ko dala. Hannu ɗaya na ƙarya ya isa a jefar da ɗari na gaskiya.

Masu wannan aiki a Amurka sun san haka. A jihar Florida, lokacin da suka nemi a mayar wa waɗanda suka gama zaman kaso haƙƙin zaɓe, wanda wata doka da ta fi cin baƙar fata ta ƙwace musu, ana bukatar hannu 766,200 da aka tantance. Sai suka tara sama da miliyan ɗaya domin sun san tantancewa za ta zubar da wasu. A Nuwamba 2018 kusan kashi 65 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince. Shekara ɗaya ba ta cika ba majalisar jihar ta yi dokar cewa sai mutum ya biya dukkan tara da kuɗin kotu tukuna, mutane da yawa suka sake maƙalewa. Irin wannan na faruwa a nan cikin ƙaramin sigarsa: alƙali ya zo, an yi zaman, an yi tafi, amma hukuncin bai shiga babban littafin komin ba, takardun kuma na nan jibge ba a raba ba. Aiki bai ƙare ba sai takarda ta shiga hannun mai ita. Littafin ƙidaya ya zama yana da gurbi na ƙarshe da za a sa alama ranar da mutum ya karɓa.

Wurin kai takarda mutum uku zuwa biyar sun isa, da mace a ciki, da dattijon da ake jin maganarsa. A yi kofi uku. A miƙa a ofishin karɓar wasiƙu, a tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata da lamba a kan kofin da za a koma da shi gida. Takardar da aka miƙa wa wani a bakin ƙofa ko a wurin biki ba ta shiga ko'ina ba. Bayan mako biyu a koma da lambar, a tambaya cikin ladabi ina aka kwana. Bayan wata ɗaya a rubuta tunatarwa. Rediyon gari da Facebook su zo daga baya, in shiru ya yi yawa, kuma a faɗi adadi da ranaku kawai ba tare da zagin kowa ba.

Maigari da sarki da shugaban rukunin makiyaya fa? A je musu tun farko, a gaishe su yadda ya kamata, a nemi albarkarsu, ko da ana zargin wasu daga cikinsu ba sa son abin. Takardar haihuwa kowa na bukatarta, har 'ya'yan gidan sarauta, saboda haka a sa kowa a ƙidaya, kar a ware wani jinsi. Abin da ya faru a Inates, cikin jihar Tilaberi, a watan Maris 2005 ya isa darasi. An shelanta bikin 'yanta mutum 7,000 a bainar jama'a, aka soke shi a ƙurarren lokaci, daga baya ma aka tsare shugaban Timidria na lokacin, Ilguilas Weila, na wasu makonni. Aikin da ke tona asirin manya a fili yakan gamu da bango. Sai dai a roƙi a yi zaman a filin lakwal ko gidan likita, inda kowa zai shiga ba tare da ya cire takalmi don wani ba. In a zauren wani aka yi, akwai matan da ba za su iya buɗe baki su faɗi sunan uban ɗansu ba.

Lokaci ma yana kashe aiki. Da damina kowa na gona, hanyoyi sun yanke, makiyaya sun yi arewa wajen Ingal. Bayan girbi kaɗan samarin Adar sun kama hanyar Najeriya da Libiya da Abijan. Tsakanin Oktoba da Disamba ne ake samun mutane a gida, don haka takarda ta shiga ofis tun Agusta. Ga makiyaya a nemi ranar kasuwa ko bakin rijiya.

A Selma ta jihar Alabama a Amurka, kafin tattakin neman haƙƙin zaɓe na 7 ga Maris 1965 da aka yi wa mutane dukan kawo wuƙa a kan gada, baƙar fata da suka isa zaɓe a gundumar sun kai wajen 15,000, masu rajista kuwa kashi 2 cikin ɗari ne kacal, kuma ofishin rajista kwana biyu yake buɗewa a wata. Duniya ta riƙe hoton gadar da dokar haƙƙin zaɓe da shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 6 ga Agusta na shekarar. Amma tun shekarun 1930 wata 'yar gwagwarmaya ta Selma, Amelia Boynton, da mijinta ke bin gidaje suna koya wa mutane cika fom ɗin rajistar zaɓe. Wannan ɓangaren ne ya shafe mu, shi ne kuma muke iya yi ba tare da izinin zanga-zanga ba.

In zaɓe ya zo, sauran aiki kaɗan ne amma sai an faɗa wa mutane baki da baki: a duba suna lokacin da aka liƙa jerin wucin gadi, domin kwanakin ƙorafi ƙidayayyu ne, kowa ya riƙe katinsa da kansa kada ya ba wani ajiya, kuma a cikin ɗakin sirri ba mai ganin abin da ya zaɓa, ko maigida ko ubangida.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a kowace fitowa da za a riƙa buga ranaku da ƙauyukan da za a yi waɗannan zaman kotu a Ƙonni, Madawa, Illela, Buza, Keita, Abalak da Cintabaraden, aƙalla mako biyu kafin ranar, domin masu rediyon gari su ɗauka su karanta, shaidu kuma su samu lokacin nemo katunansu.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin wayar da kan jama'a a karkara,
Tawa.