Ɗana, maganar tuƙin nan naka

Ɗana ya kake, ya aiki? Tun ranar da ka ɗauko ni a mota maganar nan ke cina a rai, ban so in yi ta a gaban abokinka ba shi ya sa na yi shiru. Sau uku ina ƙirgawa wayarka na ƙara kana sunkuyar da kai kana duba saƙo, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, har mai babur ɗin nan ya gifta ka taka birki da ƙarfi jakata ta zame daga cinyata ta faɗi, kai kuwa sai dariya wai Mama ai na saba. Wallahi har muka iso gabana bai daina faɗuwa ba.

Ka yi lissafi da kanka, motar da ke gudun kilomita 100 a awa duk sakan ɗaya tana cin kusan mita 28, in ka ɗau sakan 5 kana karanta saƙo ka shafe wajen mita 140 kenan ba ka ga titi ba, ya fi tsawon filin ƙwallo fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce mai amfani da waya yana tuƙi haɗarinsa na yin hatsari ya ninka kusan sau 4, kuma ko ka maƙala abin kunne hankalinka dai yana can wajen hirar.

Sai giya. Na san tarbiyyar da na ba ka, ba zarginka nake ba, amma kana hulɗa da mutane iri-iri. Ita giya kasala take sa wa ƙwaƙwalwa, ƙafa ta makara kafin ta kai birki, ido ya kasa auna tazarar motar gaba, ga shi kuma ta sa mutum ya riƙa jin duk duniya ba direba kamarsa, sai ya ƙara wuta. Kar wani ya ruɗe ka da ai ɗan kaɗan na sha, ko na sha kofi na watsa ruwan sanyi na wartsake, babu abin da ke fitar da ita sai hanta ta yi aikinta a hankali, awoyi ake ɗauka. In ka ji warinta a bakin direba kar ka shiga motar, in abokinka ne ka karɓe makullin ko zai yi fushi.

Wayar kuma don Allah ka kashe ƙararta ka jefa ta aljihun mota kafin ka tada inji. Ko ni ce na kira kar ka ɗaga, in ka samu wuri ka faka sai ka neme ni, zan jira.

Allah ya tsare min kai.

Mamanka