Wasiƙar godiya ga ma'aikatan KANGIS daga wata uwar marayu

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan KANGIS, hukumar da ke riƙe da taswirar filaye ta Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da gangan na sa wannan takarda a bainar jama'a. Mu mutanen Kano, in ofishin gwamnati ya ɓata mana rai, kafin magariba an ji mu a gidan rediyo. In kuwa aka yi mana abin arziki, sai mu kama bakinmu mu koma gida. Ni an yi mini abin arziki a ofishinku, kuma Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici.

Ni tsohuwar malamar firamare ce. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar ni da yara, ya kuma bar mana fuloti ɗaya da gwamnati ta ba shi tun cikin shekarun 1990, ta wajen titin Zariya, ƙafa 50 da 100. Lokacin da aka ba shi, wurin duk gonakin dawa ne. Ya taɓa ɗaukata a babur ya kai ni ya nuna mini: ga ɗorawa daga gabas, ga wata tsohuwar rijiya daga kudu, ga duwatsun siminti da safiyo ya kafa a kusurwa huɗu. Kullum zancensa in ya yi ritaya nan zai gina mana. Rai ya yi halinsa bai sa bulo ko ɗaya ba.

Da aka zo rabon gado, malamin da ke yi mana lissafi ya ce ba zai raba abin da ba a san iyakarsa ba, kuma gaskiyarsa. Muka je wurin. Wallahi ban gane shi ba. Duk wanda ya san Kano ta shekara talatin baya ya san yadda gari ya cinye gonaki; Kumbotso da Ungogo da muke yi wa kallon ƙauye yau sun haɗe da birni. An sare ɗorawar, an cike rijiyar, duwatsun safiyo babu ko ɗaya a sarari. Gidaje ta ko'ina. Kangon da muke kyautata zaton shi ne namu, maƙwabci ya ja katanga ta shigo cikinsa, daga ɗaya gefen kuma wani ya sauke tifar yashi yana shirin haƙa harsashi, da takardar ciniki a hannunsa wadda wani dillali ya ba shi.

Daga nan wahala ta fara, kuma ina so in ɗan tsaya a kanta, domin wanda bai sha ranar ba ba zai gane abin da nake gode wa ba. Mai unguwar da ya san tarihin wurin ya rasu, wanda ya gaje shi yaro ne, ya ce shi a haka ya tarar da unguwa. Dillalan wurin kowa da nasa labarin. Wannan ya ce, "Hajiya, ai naku na can baya ne, bayan layin masallaci." Wancan ya ce shi ya san inda yake, amma sai an ba shi na mai zai tashi daga benci. Wani ya zo har gida, da sallamarsa da ladabinsa, ya ce tunda abin ya zama rigima in sallama masa takardun a kan wani ɗan kuɗi da ko ɗaki ɗaya ba zai gina ba, wai in huta. Daga baya na ji cewa sana'arsa ke nan, bin matan da mazajensu suka mutu. Na shiga wurare da dama neman mafita, ba zan kama suna ba, su sun san kansu. Oga ya fita, oga yana mitin, je ki dawo ranar Litinin. A wani wuri wani ya dube ni, da furfurata, ya ce mini, "Hajiya, kin san fa fayil ba shi da ƙafa." Na gane yarensa sarai. Ina da kuɗin da zan sa wa fayil ƙafa ne ina fama da kuɗin makarantar marayu?

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Zumunci ne ya fara tsami. Yarana suka fara zargin wani baffansu wai da saninsa aka sayar, shi kuma ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, har sallah ta zo ta wuce bai leƙo ba. Ba wanda yake da hujja, kowa zato yake yi, kuma zato ne ke raba 'yan'uwa a kan fili a garin nan.

Da gwamnatin jiha ta yi kira a ƙarshen 2024 cewa masu satifiket ɗin mallakar fili su je su sabunta, babbar 'yata ta matsa mini mu je wurinku. Na tafi ne ba da wani tsammani ba. Karɓar takardu da rubuta suna da zama a layi duk an yi su yadda ya kamata, ba abin da zan tsaya faɗa a kai. Wanda nake so in yi magana a kansa wani matashi ne a cikin ma'aikatanku, da ƙyar in ya girmi ɗana na fari.

Da layi ya zo kaina, ya miƙe ya jawo mini kujera, ya ce, "Mama, zauna nan, sannu da zuwa." Na ciro satifiket ɗin daga cikin leda. Takarda ce da ta shekara da shekaru a ƙasan adaka, gara ta ci gefenta na ƙasa, wurin ninki ya kusa rabuwa biyu. Na saba ganin ana figar ta da yatsa biyu ana yatsine fuska. Shi hannu biyu ya sa ya karɓa, ya shimfiɗa ta a kan tebur a hankali, ya ɗora wani littafi a gefe don kada fanka ta ɗaga ta. Ya duba lambar fayil ya shigar a kwamfuta. Sai ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi mini: ya juyo da fuskar kwamfutar gabana ya ce, "Mama, matso ki gani da idonki, filinku ne."

Hoton unguwar ne daga sama. Da farko rufin kwano kawai nake gani, sai ya dinga matsowa da shi a hankali, har na gane koren rufin masallacin nan, na gane kwalbatin bakin layi, na gane kangon. Ya danna wani wuri sai layuka suka hau kan hoton, fulotai suka fito a jere kamar fangalin albasa, kowanne da lambarsa a tsakiya. Ya ɗora alama a kan ɗaya ya ce in karanta. Na karanta, lambar da ke jikin takardar maigidana ce, kuma ga sunansa nan a rubuce. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Yaron nan bai ce uffan ba, ya bar ni har na natsu, sannan ya ci gaba da bayani.

Da Hausa ya yi mini bayanin, Hausar da zan gane. Ya ce kowace kusurwa ta fuloti tana da lambobinta da ke nuna daidai inda take a doron ƙasa, kuma an adana su. Ko an tumɓuke dutse, ko an sare bishiya, ko duk dattawan unguwa sun ƙare, safiyo zai je da na'urar da ke aiki da tauraron ɗan'adam ta mayar da shi kan kusurwar nan. Ya nuna mini inda katangar maƙwabci ta tsallake layi. Ya nuna mini cewa mai yashin nan fulotin da ya dace da kwatancen takardarsa ma ba a layinmu yake ba. Kuma bai tsaya ga abin da zai faranta mini rai ba. Akwai wani sarari a gaban filin da muke lissafawa a namu, ya ce, "Mama, wannan hanya ce, ba taku ba ce, ba ta kowa ba ce. Kada ku bari yara su gina a kai." A nan ne hankalina ya ƙara kwanciya da shi, domin mai son ya yaudare ni ba zai rage mini komai ba.

Ya kuma wayar mini da kai a kan abin da duk shekarun da na yi ina koyarwa ban sani ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, satifiket ɗin da ke hannunmu izinin zama ne na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa ba ta cika a doka sai da amincewar gwamna. Ya ce saboda haka ne takardar ciniki ta dillali, ko da shaidu goma sun sa hannu, ba ta ture abin da ke cikin rajista. Ya lissafa mini takardun da magada za su kawo in za a mayar da suna, ya rubuta mini su a ƙaramar takarda da rubutu manya-manya saboda idona. Kuɗin da doka ta ce a biya, ya ce a banki zan biya in kawo rasit. Da zan tashi na dunƙule ɗan abin da ke hannuna na miƙa masa na goro, kamar yadda aka horar da mu. Ya ja hannunsa baya ya ce, "Haba Mama. Albashi ake biyana a kan wannan. Ki saya wa ƙannena littafi." Allah ya yi wa iyayen da suka haife shi albarka.

Ranar da masu awo suka zo filin, an kira mai unguwa da liman da maƙwabcin da mai yashi, baffan yara ma ya zo. Safiyo ya yi ta matsawa da sandarsa yana duba na'ura, har ya tsaya a wani wuri da ba komai sai shara da tsakuwa, ya ce a haƙa nan. Wani yaro ya sa shebur. Bai kai zurfin kamu biyu ba sai shebur ya yi ƙara. Aka share ƙasa, sai ga kan tsohon dutsen siminti, gefensa ya ɓantare, amma shi ne. Kowa ya yi kabbara. Liman ya tunatar da hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai ranar ƙiyama. Maƙwabcin, a gaskiya, mutumin kirki ne, a haka aka sayar masa da gidan. Aka zauna aka yi sulhu. Mai yashi ya kwashe kayansa ya tafi neman dillalinsa. Baffan yara kuwa a gidanmu ya ci tuwon dare ranar.

To amma ina tunanin waɗanda ba su da abin da muke da shi. Mu mun tsira ne saboda filin gwamnati ne, yana da lamba, yana da fayil. Talakawan Kano da yawa a filin awon igiya suke zaune, hujjarsu takardar mai unguwa ce ko ta dagaci, iyakarsu kuma "daga gidan wane zuwa bakin kwata". A irin wuraren nan ne ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku. A nan ne layi ke tsukewa har motar kashe gobara ba ta iya shiga, mai naƙuda sai an ɗauko ta zuwa bakin titi. Ana cike kududdufi a yanka, ana gini a kan hanyar ruwa, damina ta zo a ce ƙaddara. Filin makaranta, gefen maƙabarta, filin ƙwallon yara, duk ana gutsura kaɗan-kaɗan. Ko badalar da kakanninmu suka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, ku duba abin da ya rage mata. Da a ce kowane ɗayan waɗannan yana da layinsa a taswira, kuma kowa zai iya zuwa a juyo masa da kwamfuta ya gani, da masu wannan aika-aika sun ragu.

Kuma abin da yaron nan ya yi mini ba wani abu ne da ya gagari sauran ma'aikata ba. Kujera ce, da sannu, da bayani da harshen da mutum ke ji. Me ya sa a wasu wuraren sai tsohuwa ta tsaya a bakin taga ana danna waya ba a ko ɗago kai? Me ya sa in ka tambayi dalilin kuɗin da aka ce ka biya sai a ɗauke ka mai taurin kai? Akwai wuraren da haƙƙinka ne ka je karɓa, amma sai ka fito kana jin kamar bara ka je. Mun saba har mun daina ganin laifin abin, shi ya sa ranar da aka mutunta ni na rasa abin cewa.

Ina da roƙo gare ku. Ku shiga gidajen rediyo ku yi wa mutane irin bayanin da aka yi mini, da Hausa, musamman mata, don mu ne dillalan banza suka fi samu. Ku faɗa wa mai shirin sayen fili ya zo ya duba kafin ya biya, ba bayan ya zuba harsashi ba. Gwamnati kuma ta taimaka muku aikin ya kai unguwannin awon igiya a kan kuɗin da talaka zai iya, daga nan ya bazu dukkan ƙananan hukumomi 44 na jihar. Shi kuma wannan matashi, in takardar nan ta iso gare shi zai gane kansa. Ina roƙon shugabanninsa su riƙe shi da kyau, su sa sababbin ɗauka su zauna kusa da teburinsa.

An raba gadon, kowa ya san rabonsa, yara sun yanke shawarar ba za su sayar ba. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku daga cin haƙƙin kowa, ya jiƙan magabatanku da namu.

Wassalam,
Wata tsohuwar malama, uwar marayu, daga cikin birnin Kano.