Godiya ga ofishin kwamfutar da ya ceto rajistar manomanmu

Assalamu alaikum.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kura, Jihar Kano. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na fito fili in gode wa ƙaramin ofishin kwamfutar nan na cikin birni da ke kula da bayananmu.

Yaranmu suna rajistar manoma da manhajar KoboCollect a waya: suna, girman gona, buhunan takin da mutum ya karɓa bashi. Duk abin yana tafiya KoboToolbox, ma'ajiyar manhajar a intanet, mu kuwa muka saki jiki. Injiniyan ofishin ne ya tambaye ni, "Malam, in wannan ya ɓace yau, ina kwafinku?" Na yi shiru.

Sai ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren Python. Ƙarfe 2 na dare shirin zai ƙwanƙwasa ƙofar API, wato hanyar da shiri ke bi ya karɓo bayanai daga KoboToolbox, da mabuɗin sirrinmu, ya kwaso bayanan kashi-kashi, ya zuba su cikin rumbun bayanai na PostgreSQL a kwamfutar ofis. Manoma teburinsu daban, gonaki daban, taki daban, lambar manomi ce ke ɗaure su. Tunda kowane fom da aka cike yana da lambarsa, ko sau goma aka jawo shi ba ya ninkuwa. Duk Juma'a kuma a yi wani kwafin da pg_dump, shirin da ke kwafe rumbun, a faifan waje, in tafi da shi gida. Har gunaguni na yi lokacin da ya dage sai mun gwada maido da kwafin a gabansa, don ina ganin ɓata lokaci ne.

Ana saura kwana kaɗan manoma su fara biyan bashin taki bayan girbi, na goge fom ɗin gaske da duk bayanan cikinsa a KoboToolbox da hannuna, a zatona na gwaji ne. Cikina ya ɗuri ruwa. Na kira shi bayan Magariba murya na rawa, ya ce in kwantar da hankali. Kafin Isha'i ya turo min jerin masu bashi, kowa da buhunansa. Fom uku na yinin ranar kaɗai muka rasa, washegari yaran suka sake cike su. Ko sisi bai ƙara caza ba, bai kuma ce min "ai na faɗa maka" ba.

Injiniya, da kai da abokan aikinka, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Sakataren ƙungiya