Jinin Ɗan Tawaye Ma Lita Biyar Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da ƙannenmu marubuta, musamman waɗanda suka fara gwada alƙalaminsu a ƙagaggun labaran kimiyya suna sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Mu malaman jinya ne a nan Gombe, kuma koyar da taimakon gaggawa na cikin aikinmu.

Akwai wani fage da irin waɗannan labarai ba su cika rasawa ba. An yi tawaye a wani birni na nan da shekara 200, ko a sansanin 'yan Adam da ke duniyar Mas. Jirage marasa matuƙa na shawagi, butum-butumin hukuma na sintiri, sai wata baiwar Allah ta leƙo ta ga wani baƙo kwance male-male cikin jini a ƙofar gida. Ta san duk wanda aka kama ya taimaki ɗan tawaye kashinsa ya bushe, amma ta fito. Wannan zuciya mun yaba mata, kuma tana da asali a wurinmu, domin a Yaƙin Khandak tantin Rufaida al-Aslamiyya aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a jijiyar hannu. Inda muke da ja shi ne abin da hannunta ke yi bayan ta fito. Sai ta rungumo kansa ta ɗora a cinya, ta ɗura masa ruwa, ta zare ƙarfen da ya cake shi, ta yagi mayafi ta naɗa sako-sako, sannan a cika shafi biyu da kuka. Da a gaske ne, ita ta ƙarasa shi. Mai karatu kuwa ya riƙe hoton a kansa, ranar da ya riski hatsari a hanyar Bauchi wajen Alkaleri, shi zai kwaikwaya.

Marubuci na da ikon ƙirƙiro kowane irin makami, amma muddin mutum ne ya ji raunin, jinin jikinsa kimanin lita biyar ne. In ya zubar da lita biyu, ransa na hannun Allah. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, cikin 'yan mintuna take ƙarar da mutum. Saboda haka gwarzuwarku ba ta da lokacin tambayarsa ko shi wane ne.

Kafin ta taɓa shi, ta duba wurin tukuna: harbi, wuta, wayar lantarki a ƙasa, bangon da ke shirin faɗowa. Mai ceto in ya faɗi, majinyata sun zama biyu. In dole sai an gusar da shi, ta sa hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa ta baya, ta tallafe kansa da damatsanta, ta ja shi a miƙe. Ba a saɓa mai rauni a kafaɗa kamar buhun masara, don ba wanda ya san halin da ƙashin wuya da na baya suke ciki. In babu safar hannu, leda ma ta wadatar.

Daga nan sai jini. Ta yage tufar ta ga ainihin inda yake fitowa, ta dunƙule tsumma mai tsabta ko ɗankwali ta danna a kai da hannu biyu, gwiwar hannu a miƙe, ta sakar masa nauyin jikinta. Minti goma cur, ba ɗagawa a leƙa. Nan ne mutane ke ɓata aiki, don kowace leƙawa tana ɓalle gudajin da jini ya fara haɗawa. In tsumman ya jiƙe, a bar shi, a ɗora wani a kai. In raunin rami ne mai zurfi a matsematsi ko hammata, inda ɗauri ba ya kamawa, sai a cusa bandeji ko kyalle da yatsa har ya cika ramin tam, sannan a danna. Zai yi ihu, wataƙila har ya zage ta. Ku rubuta wannan ihun, ku rubuta hannunta na rawa amma ta ƙi ɗagawa. A ganinmu ya fi hawayen nan nuna jarumta nesa ba kusa ba.

Idan jinin na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma danni ya gaza, sai ɗaurin tsayar da jini. A sami kyalle mai ƙwari a linka shi ya kai faɗin santimita biyar, kamar yatsu uku. A zagaya gaɓar da shi santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ta ɓangaren gangar jiki, a kauce wa gwiwa. A ƙulla, a ɗora sanda ko sifana ko cokali mai ƙarfi, a sake ƙullawa, sannan a yi ta murɗawa har jinin ya tsaya cak. A ɗaure sandar kada ta warware, a rubuta lokacin a goshinsa ko a kan kyallen. Waya da igiyar takalmi yankan nama suke yi. Ɗauri mai sako-sako kuwa ya fi rashinsa muni: yana toshe jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, ya bar waɗanda ke kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru. Kuma ba a sassautawa a hanya wai don ƙafa ta sha iska, likita ne ke kwancewa. Har zuwa awa biyu gaɓa kan jure, wato kusan tafiyar mota daga Gombe zuwa Bauchi.

Ƙarfe ko gilashin da ya cake mutum shi ne marfin raunin. A bar shi, a tokare shi da tsummoki ta ko'ina kada ya motsa. Haka harsashi. Labarin ƙona wuƙa a tono shi a ɗaki yana da daɗin karantawa, amma abin da ke kisa shi ne ɓarnar da ya yi a hanyarsa, kuma likitocin tiyata kansu sukan bar shi a jiki in cirewar ta fi haɗari.

Ruwan sha kuwa, mun san da wuya a ga mai ƙishi a hana shi, balle a wurin Bahaushe. Sai dai wanda hankalinsa ke gushewa yakan ƙware, ruwan ya tafi huhu, kuma in za a shiga da shi tiyata cikakken ciki na jawo amai. A jiƙa masa leɓe kawai. In ya suma amma yana numfashi, a juya shi kan gefensa don kada harshe ko amai su toshe maƙogwaro. A shimfiɗa masa abu a ƙasa, a lulluɓe shi, ko da ba hunturu ba ne, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau.

Masu son bindigar haske sukan rubuta cewa ita ba ta zubar da jini, wai tana ƙona raunin ta rufe shi. To, ƙuna kenan, ita ma da nata hukuncin: ruwa mai sanyi yana kwarara a kai minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da leda mai tsabta, kada a fasa bororo. Ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, manja da man goge baki. Tafin hannun majinyacin da yatsunsa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatarsa, da shi ake auna girman ƙunar. Tun da mun zo nan, bari mu roƙi direbobinmu su daina tsiyaya man birki a kan rauni, masu zuba ƙasa ko toka su ma su bari, ta nan cutar titanus mai sandarar da jiki ke samun ƙofa.

Sai batun ɓoye shi a ɗaki wata guda har ya warke, galibi ma har soyayya ta shiga. Raunin ciki ko ƙirji tiyata yake nema cikin sa'o'i. Don haka aikin gwarzuwar na biyu, wanda ya fi na farko haɗari, shi ne ta isar da shi ga likita ta tsakiyar shingayen bincike. In a duniyar Mas kuka ajiye labarin, kun samu rangwame: nauyi a can kimanin kashi 38 ne cikin ɗari na namu, mai kilo 70 zai zama kamar kilo 27.

Tsoron da kuke ɗora wa gwarzuwar mun san shi a titunanmu, shi ke sa jama'a su yi cirko-cirko suna ɗaukar hoto da waya, kowa na gudun a ce shi ne. Sashe na uku na kowacce daga Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, wato dokokin yaƙi na ƙasa da ƙasa, ya wajabta a kwashi masu rauni a yi musu magani ko da a yaƙin basasa ne, ba tare da duba ɓangare ba. A Najeriya kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe su ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani, kuma dokar ta ce a mutunta wanda ya kawo majinyacin. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122. Wanda ya kai mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ya gaya wa ma'aikacin da ya tarbe shi abin da ya sami majinyacin, da ƙarfe nawa abin ya faru, da ƙarfe nawa aka sa ɗaurin.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman jinya,
Gombe.