Rahoton Ayyukan Shekara: Gano Ɓurɓushin Miyagun Ƙwayoyi a Kayan Shaida

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana yawancin ƙarfinmu ya tafi ne a kan abu guda: gurɓacewar samfur. Na'urorin GC-MS da LC-MS/MS suna farfasa sinadari, su auna nauyin gutsattsarinsa, sannan a gwada tsarin da ya fito da na ƙwayar da aka riga aka sani. Suna iya gano nanogiram, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Wannan kaifin ido alheri ne, amma akwai abin tsoro a cikinsa. Wani bincike da aka gabatar a Amurka a 2009 ya samu ɓurɓushin hodar iblis a jikin kusan kashi 90 cikin 100 na takardun dalar da aka gwada, kuma ba mai cewa duk wanda ya riƙe su dila ne. Injin ƙirga kuɗi kaɗai ya isa ya yaɗa ta.

Shi ya sa horon da muka shirya ya tsaya a kan ƙananan abubuwa: sauya safar hannu daga kaya zuwa kaya, goge teburin aiki a gwada abin da aka goge, da saka samfurin da babu komai a cikinsa tsakanin gwaji biyu, don a kama abin da ya maƙale a bututun na'ura. Wasu mambobi sun ce hakan na cin lokaci. Gaskiya ne, yana ci. Amma takardar sakamakon gwaji da muka sa wa hannu tana iya kai bawan Allah kurkuku, don haka kwamiti bai sassauta ba.

Mun kuma zauna a kan fentanil, wani maganin kashe zafin ciwo da ake shaye-shaye da shi, wanda ya ninka mofin (shi ma maganin kashe zafi) ƙarfi kusan sau 100. Wasu daga danginsa nauyinsu ɗaya, gutsattsarinsu ma sun yi kama, dole sai an haɗa da lokacin fitowar sinadarin daga bututun na'ura, an gwada shi da na ingantaccen samfurin ƙwayar da aka riga aka sani. Dabarar DART, wata hanyar gwajin sinadari mai ba da amsa cikin daƙiƙu, mun amince da ita don tantancewar farko kawai.

Muna ƙara kira ga ɗakunan gwajinmu su shiga gwajin ƙwarewa na UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, su kuma nemi shaidar ISO/IEC 17025, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ingancin ɗakunan gwaji.

Inda muka gaza: bitar ba da shaida a kotu ba ta yiwu ba. Abin ya dame mu, domin a gaban alƙali ne ake bambance "an samu ɓurɓushi" da "ya mallaki ƙwaya". Da ita za mu buɗe shekara mai zuwa, in sha Allah.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa