Zuwa ga aminina Bashir, kan rigimar biskit a gidana

Assalamu alaikum mutumina. Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan Birmingham lafiya lau sai sanyi da ruwan da ba ya ɗaukewa. Na san ni ne mai laifi, tun bayan sallah ban rubuto ba, a yi min afuwa.

Labarin da zan ba ka na 'yarka ce ta fari. Wata uku kenan ta dawo daga makaranta ta ce ita ta zama bigan, ni na ɗauka sunan wata ƙungiyar ƙwallo ce wallahi. Ashe wai masu cin tsiro zalla ne, ba nama ba kifi ba ƙwai ba madara, har zuma ba sa sha saboda wai haƙƙin ƙudan zuma ne. Abin ma a nan ƙasar aka raɗa masa suna, wani bature Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a 1944. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji, ni kuma na ce a bar ta, tunda ba haram ta ɗauko ba, kuma ka san yaran nan in ka matsa sai su ƙara kafewa.

To inda gizo ke saƙar, yarinyar da ta ƙi miyar kuka don an sa ƙashi a ciki, sai na leƙa ɗakinta na tarar da ledojin Oreo, baƙin biskit ɗin nan na cakulan mai farin kirim a tsakiya, ga ledojin soyayyen dankali ga gwangwanin lemo. Na ce ke wannan farin ba madara ba ce? Ta ce Baba karanta bayan ledar. Na sa tabarau na karanta, fulawa, suga, manja da wani man, garin koko, gishiri da 'yan tarkace, babu madara babu ƙwai. Kirim ɗin ashe suga ne da mai kawai aka kwaɓa. Ta ci ni a nan. Amma can ƙasa an rubuta ana iya samun ɓurɓushin madara, saboda masana'antar da ke yin sa tana sarrafa wasu kayan masu madara, kuma su kansu 'yan bigan ɗin sun rabu biyu a kan wannan, wasu su ce ba komai tunda ba da gangan aka zuba ba, masu tsauri su ce a'a.

Ga wanda zai ba ka mamaki, biskit ɗin nan tun 1912 ake yin sa a Amurka kuma shekaru da yawa da kitsen alade ake yin kirim ɗin, sai wajajen shekarun 1990 suka koma man tsiro. Da na faɗa wa uwarta sai da ta yi salati.

Gaskiya ta wannan wajen yarinyar ta burge ni, don karatun bayan leda da muke yi mu musulmi a ƙasar nan muna neman jelatin, irin sa take yi, har ta fi mu iyawa. Jelatin ɗin alewa mai taunuwa kamar roba daga fata da ƙashin alade ko saniya ake samun sa, wannan mun daɗe da sani. Ita ta koya min E120, jan kalar da ake samu daga wani ƙwaro da ake busarwa a niƙa, da E904 mai sa alewa sheƙi, shi ma daga jikin ƙwaro yake fitowa. Akwai E471 da ba ka sanin na dabba ne ko na tsiro sai ka tambayi kamfani. Madara da ƙwai su da sauƙi, dokar nan ta sa a rubuta su da baƙi mai kauri, amma jelatin sai ka bi layi layi. Har suga bai tsira ba, a Amurka wasu matatun suna tace sugan rake da gawayin ƙashin shanu don ya yi fari, ka ji fa.

Ni dai damuwata ba nan take ba. Na zaunar da ita na ce to na yarda babu dabba a ciki, amma me ke ciki? Guda uku kacal suna da suga wajen giram 14, kuma wa ka taɓa gani ya ci uku ya rufe leda. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi babba kada ya wuce kamar giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Ƙara gwangwanin lemo ɗaya a kai, ka riga ka kai maƙura tun kafin azahar. Ga shi ta bar nama da madara, wato inda jiki ke samun bitamin B12 ta rufe ƙofar, kuma biskit ba zai ba ta ba, dole sai ƙwaya ko abincin da aka ƙara masa. Wannan kam ban yi wasa ba, na sayo na ce kullum a gabana za ta sha.

Na kuma ɗan tsokane ta, na ce in tausayin dabbobi ne ai manjan da ke ciki yawancinsa daga Indonesiya da Malesiya yake, inda aka sare dazuzzuka don shuka kwakwar manja har birran nan orangutan suka rasa matsuguni. Ta yi shiru, washegari ta zo min da bayani shafi guda, 'yarka ce ai, gardama kamar kai.

Abin dariyar shi ne ta sayo wani abu a kanti da tsada wai tofu, uwarta na buɗewa ta ce yau ga ikon Allah, awara ce. Awarar da muke saya a ƙofar makaranta da yaji a takarda. Tun ranar uwar ta samu makama, yau ƙosai gobe alale ba kifi, jibi ɗanwake da mai da yaji ba ƙwai, kuma tana ci har da neman ƙari. Biskit ɗin mun yi yarjejeniya leda ɗaya a sati, ko da yake ina zargin ƙaninta yana shigo mata da wani ta bayan fage, ina nan ina bincike.

Don Allah in an samu mai tahowa ka aiko mana da ƙuliƙuli da busasshen zogale da garin ɗanwake, kilishin kuma ka ninka shi biyu, ni ban shiga ƙungiyar ba. Ka gaida Hajiya da amarya da yara, ka ce wa Sani ina sane da bashina.

Naka har kullum,
Auwalu